Kalma Ɗaya Cikin Littafin Mai Ɗori

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai Baba da ya daina cin abinci kamar da.

Kin san tsohon littafin mai ɗorin ƙashin nan da ya cinye masa shekara goma sha ɗaya. Guntaye saba'in da uku ya tarar a akwati, gara ta ci rabi. Da hantsaki ya riƙa jera su a ƙarƙashin gilashi, inda rubutu ya ɓace kuma ya cike da abin da yake ganin marubucin ya faɗa. To wani kamfanin buga littattafai ya kwashe aikin kaf ya buga, ko sunan Baba babu. Mun shigar da ƙara.

Jiya lauyansu ya ɗaure mu da jijiyarmu. Ya ce in cikon Baba daidai ne, ai maganar mutumin da ya rasu shekara ɗari shida ce, ba ta Baba ba. In kuwa tasa ce, to ya yi wa mamaci ƙarya. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Na ga takardarki, na ji daɗi da kika fara takawa. Ki gaida kowa.

Abin da zan ba ki labari, har yanzu mamakinsa nake yi. Ranar Talata da hantsi ina wurin aikina a ɗakin adana tsofaffin littattafai, ina gyara bangon wani littafi dabam. Na ɗaga fatar, sai ga 'yar takarda an liƙa ciki don bangon ya yi kauri. Ina ganin rubutun na gane hannun. Yaya, guntun shafi na tara ne na littafin mai ɗorin, wanda Baba ya cike layi huɗu cur da ka.

Na kira shi ya zo. Ya ce in karanta, idonsa ba zai iya ba. Ina karantawa yana bina a hankali daga abin da ya rubuta shekara takwas da suka wuce, kalma bayan kalma, kamar mutum biyu suna magana da baki ɗaya. Shugabar ɗakin ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya. Cikin kalma talatin da ɗaya, guda ɗaya tak suka saɓa. Baba ya sa "kada ka taɓa karayar ƙashi sai da ilimi". Mai ɗorin ya rubuta "sai da tausayi".

Lauyanmu ya ce mu yi shiru sai an yanke hukunci, don takardar nan za ta ƙarfafa maganar abokan shari'a. Baba ya dube shi ya ce, "Mutumin da ya jira shekara ɗari shida, ni zan ƙara masa wata uku?" Da kansa ya kai wa alƙaliya hotonta.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. An yanke hukunci.

Alƙaliya ta ce matanin na marubucinsa ne, kowa na iya bugawa. Sharhin Baba da tsarin jera guntayen nasa ne, dole kamfanin ya janye littafin ya sa sunansa. Wato mun sami rabi. Lauyansu har da cewa kalma ɗaya ce ta Baba a shafin, ita ce kuma kuskuren. Baba ya yi dariyar da rabona da ji tun Mama na da rai.

Ni ce na yi ta ƙunci a mota, shi ko a jikinsa. Ya ce duk shekarun nan bai taɓa tabbatar ko da mai ɗorin yake zance ko da kansa ba, yanzu an amsa masa.

Yau da safe ya cinye abincinsa tas, ya sa na buɗe masa shafi na tara. Ya soke kalmarsa da jan biro, ya rubuta ta mai ɗorin a sama. A gefe kuma ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: "Ya fi ni gaskiya."

Ki zo ki ga takardar da idonki. Ba ta kai tafin hannuna ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta