Buhun Wake Ɗaya, Gida Goma Sha Tara

Doña Fidelia, don Allah ki taimake ni da shawara. A ƙauyenmu ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan ba ta riga ni isa kasuwa ba.

Shekara ashirin da shida ke nan ina sayar da wake da masara a kasuwar garin Jocotán. Na yi aji shida, saboda haka duk baƙon da ya hau tudunmu da takarda a hannu, ni ake danƙa wa shi. A watan Yuli aka kawo mini wata ɗalibar kiwon lafiya, Marleny, yarinya mai ladabi, wai za ta zaga gidaje ta rubuta abin da ake ci. Da rahotonta ne za a zaɓi ƙauyen da za a riƙa dafa wa 'yan makaranta abincin rana.

Kin san Yuli. Tsohuwar masara ta ƙare, sabuwa ba ta nuna ba, rabin gidaje tortilla, wato wainar masara, da gishiri ne safe da yamma. Amma sai matan ƙauyenmu suka zo mini a tsorace. Shekara huɗu da suka wuce wasu sun zo da sikelin auna yara, suka tafi da yara biyu jinya birni, iyayen suka yi wata biyu a barandar asibiti, gona ta lalace. Hoton ɗan wata maƙwabciyarmu Chabela kuma har a bangon ofis aka manna. Har yau in mun sauko kasuwa mutanen kwari sai su tambaye mu ko saye muka zo ko kallo.

To, ni da wayona, sai na ba da aron buhun wake guda don kada ta ga yunwarmu. Ni ke tsara gidan da za mu shiga. Ina jan Marleny da surutu ta babbar hanya, matan na bi da buhun ta cikin gonar kofi. Gida goma sha tara ya zaga. Ko'ina ta tarar da shi a jingine, ga ƙwai biyu a faranti, alhali kaji uku ne ke wannan aikin a duk unguwar. Baiwar Allah ta ci, ta yi godiya, ta rubuta.

Makon jiya ta kira ni tana murna, wai mun fi kowa ƙoshi, malaminta ya yaba, ran ashirin ga wata za ta miƙa rahoton ta kammala karatu. Abincin zai tafi kwari ke nan. Malamar makarantarmu kuwa ta ce mini ƙarfe goma na yi yara ke kifa kai a kan tebur.

Na gaji, Doña. In na faɗa, matan za su ce na sayar da su, yarinyar mutane kuma na ɓata mata shekara. In na yi shiru, yara sittin na hana abinci da hannuna. Ni da ban taɓa tauye mudu ba.

Mai Wake, daga kan tudu

'Yar'uwa Mai Wake,

Ba mugunta kika yi ba. Matan nan suna da dalilin tsoro, kuma wanda aka taɓa manna hoton yunwarsa a bango ba a ce masa girman kai ke damunsa. Marleny ma tana da nata laifin. Mai binciken da ta ci ƙwai a gida goma sha tara a watan Yuli ba ta tsaya ta ƙirga kaji ba, da sauranta a karatu.

Amma ke kanki kin san abin da ya fi nauyi, shi ya sa kika rubuto. Fara da matan, ba da ɗalibar ba. Ki tara su ki faɗa musu ƙarara abin da buhun ya jawo. Ki bar su su gindaya sharaɗinsu: ba hoto, ba sunan kowa a takarda, ba yaron da za a ɗauka sai uwarsa ta yarda. Sannan ki ɗauki biyu daga cikinsu ku sauka ku sami Marleny ido da ido, kafin ran ashirin. Ba ta waya ba.

Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi. Ki bar ta. Shekararta ba za ta ɓaci ba in ta kai wa malaminta maganar da kanta ta nemi ƙarin lokaci. Sanin cewa masu yunwa suna ɓoye ta, da dalilin ɓoyewar, ya fi duk abin da ke cikin rahoton nan daraja. Ta sake hawowa, kuma wannan karon ta zo da abincinta a jaka.

Wasu za su daina saye a wajenki na ɗan lokaci, wannan kam ki shirya masa. Allah ya ba ki ƙarfin sauka tudun nan, ya sa kafin masara ta nuna a ɗora tukunya a makarantarku.

Doña Fidelia