Kwaɗon da Na Warware

Kanda, Tokyo
14 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga 'yata Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Naoto da jikata Kozue. Sanyin arewa ya fara sauko muku? Tarin nan na Kozue ya sake ta? Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ba ta shiri da matakalar shago.

Littafin baje kolin da kika aiko ya iso shekaranjiya, na gode. Kafin in faɗa miki abin da na gani a ciki, bari in tuna miki ko wane ne ubanki, don na ga alamar an fara mantawa a gidanku.

Aji biyu na yi a sakandare aka cire ni. Da aka sallame mu daga soja ina ɗan shekara ashirin, na dawo na tarar unguwarmu ta zama toka. A kan tabarma na fara sayar da littafi, a bakin tashar jirgin ƙasa. Ba wanda ya ba ni jari, ba ubangidan da ya koya mini sana'a. Daga tabarma na koma amalanke, daga amalanke na kama rabin rumfa, yau ga shago hawa biyu da sunana a allon ƙofa. Na aurar da ƙannena mata biyu, na yi jinyar mahaifiyarki shekara uku, na kai ki jami'a. Kuma duk tsawon layin nan na masu tsofaffin littattafai, in aka sami littafin ninkin takarda, origami, wanda shafin ƙarshensa ya yage, ba ranar bugu ba sunan maɗaba'a, wurin ubanki Kuwahara ake kawo shi. In duba tsatsar ƙarfen ɗinkinsa, in shinshina takardar, in ga ko rubutun bangon daga dama ya taso ko daga hagu, in ce shekara kaza. Shekara arba'in ke nan, ban taɓa kaucewa da fiye da shekara biyu ba. Ba a aji na koyi wannan ba.

Ba kya nan ranar da Naoto ya zo a watan Mayu, kuma ban san yadda ya ba ki labarin ba, don haka ga nawa. Ya shigo da wani tsohon kundi a ƙunshe cikin ƙyalle. A ciki akwai abubuwan da aka ninke da takarda guda arba'in da biyu, su gauraka, kwalekwale, kwalkwali, kwaɗo, kowanne a shafinsa. Ya ce ubangidansa, Farfesa Ogasawara na gidan tarihin kayan wasan yara, ya riga ya yanke hukunci: aikin zamanin Meiji ne, shekara casa'in baya, na malaman renon yara na farko-farko, kuma a kansa za a gina baje kolin bana. Shi dai ya zo ne kawai in nuna masa yadda za a ɗinke bangon.

Bangon tsoho ne, wannan gaskiya ne. Amma ko ɗaya ba a liƙa da gam ɗin shinkafa ba, yadda mutanen da suke yi. Tsaga shafin aka yi da reza aka soka gefunansu. Mai shinkafa a gida ba ya tsaga kundin kakarsa. Wannan mutumin ba shi da ƙwayar da zai ɓata a liƙi. Sannan duk launukan masu duhu ne, kore mai duhu, shuɗi kamar baƙi. Farfesa ya ce wai ɗabi'ar mutanen da ce. Wa ke ba yara ƙanana takarda mai duhu? Fenti ne aka lafta don a rufe wani abu. Na shafa bayan kwaɗon, na ji takardar ta ƙage layi-layi.

Na ce wa mijinki, "Zan warware kwaɗon nan."

Ya ce, "Baba, ku rufa mini asiri! Farfesa zai kashe ni."

Na ce, "To ya jira in gama tukuna."

Na wanke hannu, na ɗauko tsinken gora da matsefata. Awa guda na yi a kansa. A ciki shafin littafin karatun firamare ne, an shafe layi uku da baƙar tawada, shafar hannun yaro, har ta ɗiga a gefe.

Ba a haife ki ba lokacin. Da aka ci mu a yaƙi, a kakar 1945, aka umarci malamai su sa yara su shafe duk layin da ya ambaci soja ko jirgin yaƙi a littattafansu. Gwaggonki Toshi mako guda tana dawowa gida da baƙaƙen yatsu. Takardar nan ba za ta girmi wannan kakar ba ko da kwana ɗaya. Wata malama ce a shekarun yunwa, ba takarda mai launi, ta yayyage waɗannan littattafai ta shafa musu fenti don yaranta su sami abin ninkewa. Na mayar da kwaɗon bisa layukansa na asali, Naoto da kansa ya kasa gane an taɓa shi. Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma, yana cewa, "Baba, kun fid da mu kunya."

Yanzu ga littafinku. An sauya wa baje kolin suna, ya koma na shekarun yunwa, jaridu sai yabo suke. A shafi na huɗu an ce binciken da Farfesa Ogasawara ya jagoranta, da taimakon Shibasaki Naoto, shi ya gano shekarar. Na karanta daga bango zuwa bango sau biyu da gilashin ƙara girma, ban ga sunana ba. Sai a shafi na talatin da ɗaya, ƙarƙashin hoton kwaɗon: "Wani hannu da bai san ƙa'idar aiki ba ya warware wannan kafin a yi nazarinsa."

Ashe dai ina ciki.

Ki ce wa mijinki ya rubuto mini da hannunsa. Ki shafa mini kan Kozue.

Mahaifinki,
Kuwahara Tomiji

Kanda, Tokyo
17 ga Disamba, 1986

'Yata Fumie,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji a rediyo ƙanƙara ta rufe hanyoyinku, ina fatan kuna da isasshen kananzir. Busassun 'ya'yan itacen da kika aiko sun iso, na ajiye biyu gaban hoton mahaifiyarki.

Wasiƙarki ta zo, ta mijinki ba ta zo ba. Kin ce dokar gidan tarihi ta hana warware kaya, dole su rubuta wani abu. Kin ce Naoto ya fito da kundin ne ba da izinin hukumar gidan ba, in aka ambaci shagona asirinsa ya tonu, ga shi a watan Maris Farfesa zai yanke ko a tabbatar masa da kujerarsa. Kin ce ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara wa malaminsa rubutu. Na sani, Fumie. A ƙasar nan aka haife ni. Sai dai duk tsawon shafi uku ban ga inda kika ce abin da aka yi wa ubanki ba daidai ba ne.

Makon jiya wani ya shigo shago, irin masu tara tsofaffin littattafan nan, da littafinku a hamata. Ya ɗauki wani littafin ninki na 1948 ya ɗaga shi sama yana duban haske, ya ce mini wannan ita ce dabarar Ogasawara, in ina so ya koya mini. Sannan ya buɗe shafin kwaɗon ya ce, "Tsoho, dubi ɓarnar da wani jahili ya yi. Irin waɗannan ya kamata a ɗaure musu hannu." Na ce masa littafin ba na sayarwa ba ne. Na naɗe hannuwana a baya har ya fita.

Ranar Litinin kuma sai ga kyautar ƙarshen shekara daga Farfesa, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kifin salmon guda mai gishiri, a akwatin katako, da katinsa mai ɗauke da muƙamai huɗu. Ke ma kin san ma'anarta. In na karɓa na aika da godiya, magana ta mutu, an biya mai shago.

Hirabayashi maƙwabcina mai tsofaffin taswira ya leƙo, ya ga kifin, ya ce, "Kai Tomiji, tsohon banza, shekara arba'in kana shinshinar takarda, yau ka sami abin shinshina na gaske kana hura hanci?"

Na ce mayarwa zan yi.

Ya ce, "Ba a mayar da kyautar Disamba, ko maƙiyinka ne ya aiko. To ba ni kifin, ka mayar masa da akwatin."

Na ce, "Kai da ba ka iya bambanta taswirar bara da ta kakanka ba, me ka sani?"

Ya ce, "Na san surukinka ne zai ci gishirin."

Na mayar. Ban sa wasiƙa a ciki ba, katin shagona kawai na sa, mai suna ɗaya ba muƙami. Ina faɗa miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ɗakin sama yana nan a share don hutun sabuwar shekara. Ki gaya mini jirgin da za ku biyo.

Mahaifinki,
Kuwahara Tomiji

Kanda, Tokyo
3 ga Fabrairu, 1987

Fumie 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Kozue. Katin da ta zana mini ya iso, ki ce mata zomon da ke jiki ya yi kyau. Ina fatan ciwon kan da Naoto ya ce yana damunki ya yi sauƙi.

Ba ku zo ba. Na dafa miyar sabuwar shekara ta mutum huɗu, ni da Hirabayashi muka yi kwana uku muna sha. Ban ce kin yi laifi ba.

Naoto ya zo ranar Asabar, kin sani. Bai cire kwat ɗinsa ba, a tsaye ya yi maganar tsakanin kantocin littafi. Ya rame. Ya ce tun ranar da kifin ya koma Farfesa bai sake kiran sunansa ba, sai dai ya aiko masa da saƙo ta bakin sakatariya. Ya ce, "Baba, me kuke so in yi? Ina da mata da 'ya." Na ce, "Na san matar, ni na haife ta." Da ban faɗi haka ba. Ya sunkuya ya fita, ko shayi bai sha ba.

Na yi ta juya abin tun ranar. Kifin nan Farfesa na nufa da shi, amma a kanku ya faɗi, kuma Hirabayashi ya gaya mini tun kafin in ɗaure akwatin. Wannan na ɗauka, nawa ne. Amma ba zan ba wa Ogasawara haƙuri ba. Mutumin da ya ga fenti ya ce zamanin Meiji ne, har ya sa rana zai tara jama'a ya nuna musu, ni na tare shi a bakin rami, shi kuma ya rubuta a littafi cewa hannuna bai san aiki ba.

Kafin ya fita, Naoto ya ce littafin ya ƙare, za a yi bugu na biyu, gyare-gyare za su tafi maɗaba'a ranar ashirin ga wata. Na san ke kike buga masa takardunsa a keken rubutu, tun kuna jami'a. Don haka ke nake rubuta wa.

Na bar musu shafi na huɗu. Farfesa ya riƙe bincikensa, mijinki ya riƙe taimakonsa, ban ƙara neman ko layi ɗaya a wurin ba. Ba kuma sai an ce kundin ya taɓa barin gidan tarihi ba. In hukuma ta tambaya, a ce tsohon ne ya zo ganin jikarsa, ya bi surukinsa ofis, ya miƙa hannu kafin a ankara. Zan sa hatimina a kan wannan, kowa ya san halina, za a yarda. Kujerar Naoto ba za ta girgiza ba, Farfesa kuma ya sami wanda zai nuna da yatsa, kin ga ya huce.

Abin da nake nema yana shafi na talatin da ɗaya. Kada a cire jimlar, kada a sassauta ta. "Wani hannu" kawai za a cire. Duk mai sayar da tsohon littafi daga nan har Osaka ya san tawadar tana cikin kwaɗon ne, kuma ba a ganin cikin kwaɗo sai an warware shi. In suka ga sunan wanda ya warware, sun san wanda ya gano shekarar, ko da me aka rubuta a shafi na huɗu. Waɗanda ba su gane ba, su ci gaba da cewa jahili ne, amma su san sunan jahilin.

Shekarata sittin da ɗaya. Littattafai dubbai sun bi ta hannuna, na sa wa ɗaruruwa shekara, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunana. Shagon nan ba mai gadonsa, ranar da na rufe ido za a sauke allon a sa na mai sayar da kofi. Ban taɓa roƙon kowa komai ba, kuma wannan ma ba roƙo ba ne. Ga yadda za ki buga:

"Kuwahara Tomiji, mai sayar da tsofaffin littattafai a Kanda, wanda bai san ƙa'idar aiki ba, shi ya warware wannan kafin a yi nazarinsa."

Ki nuna wa mijinki, ya kai wa ubangidansa. Kafin ashirin ga wata, Fumie. Cikakken suna, kada a taƙaita.

Mahaifinki,
Kuwahara Tomiji