Gangaren da na sauka a kan keke

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan, ya yara? Da fatan kowa lafiya.

Ni dai ga ni a garin Laurel, aikin asibiti ya cinye ni. Tun hatsarin motar nan da na yi tsoro bai sake ni ba, ko tuƙi na daina. Maman Zainab, wata 'yar Kumasi da muke aiki tare, ita ta ja ni ƙungiyarsu ta mata masu hawan keke a daji. Akwai wani gangare mai duwatsu, Asabar uku ina zuwa bakinsa in sauka in tura keken. Ba wadda ta yi min dariya. Jiya Maman Zainab ta tsaya can ƙasa ta ce, "Hajiya, daina kallon duwatsun, ni za ki kalla." Na saki birki. Na iso ina kuka, suna tafa min.

Yau ruku'u ma da ƙyar nake yi don ciwon jiki, amma da kaina na tuƙo mota zuwa aiki.

Ki sa ni a addu'a, na gaji ƙwarai. Ki gaida Inna, amma kada ta ji zancen keken nan.

Ƙanwarki,
Rabi