Kwamfutar da Goggo Ta Naɗe da Zane

Anti Kalolaine, dan Allah ki taimakeni, na rasa inda zan sa kaina.

Kiyi haƙuri da rubutun, ni daga aji huɗu na bar makaranta na hau teku, alƙalami bai san hannuna ba. Amma in maganar jirgi ce ki tambayi kaf tsibiranmu na Ha'apai. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi tsakanin tsibirai ban taɓa goga ko fenti a dutse ba. Kifaye ma sun sanni, in na wuce sai sun gaida ni. To yau gani wani ɗan akwati ya durƙusar dani.

Ga yadda akayi. Mutum bakwai a garinmu suna neman takardar ɗaukan fasinja kafin baƙi masu kallon manyan kifaye su fara zuwa. In basu samu ba, bana kam sai dai su tsaya a bakin gaɓa suna kallon wasu na aiki, kuma kowannensu da iyali. Mai jarabawa zaizo daga birni nan da kwana tara, yace a kwamfuta zai fara gwadasu. Wata manhaja ce mai nuna teku kamar gaske, da igiyar ruwa da iska, kana tuƙi da ɗan sitiyari har ka shiga mashigi tsakanin duwatsun murjani. Na miƙe a zauren coci nace wannan ai wasan yara ne, ku barmin, ni zan koya muku. Aka tafa min. Ƙanena Sitani ya aiko da kwamfuta sabuwa fil daga Okland.

Anti, abin yana tashi lafiya lau. Ka fito daga tasha, ruwa shuɗi, komai zam-zam. Can sai kaji akwatin ya fara huci fuuu kamar alade yaga wuƙa. Sai hoton ya fara tsalle, jirgi ya tsaya cak, allo yayi baƙi ƙirin. Kuma kullum sai an kusa mashigi! Da safe kwamfutar takan kai minti ashirin kafin ta suma, in rana ta take ko sha biyar bata kaiwa. Amma in wasiƙa ake bugawa sai ta wuni bata ce uffan ba. Ni kawai ta raina.

Ba abinda banyi ba. Na cire waya na mayar. Na goge manhajar na sake sawa har sau uku. Na canza sitiyari. Na ɗauko janareto nace ko wutar gari ce. Na ɗan bubbuga mata gefe yadda nake wa injina, shi da mari ɗaya yake dawowa hankalinsa. Na kira kamfanin suka sa min kiɗa har katina ya ƙare. Fasto ma yazo yayi mata addu'a.

Kuma kar kice bata samun kula, duk Tonga ba kwamfutar da ta kaita gata. Ranar da ta iso Goggo Lesieli, yayar babana, da kanta tazo da sandarta. Ta kawo ngatu, zanen ɓawon itacen da ta ajiye tun na bikinta, ta naɗe akwatin ruf gaba da baya, ta ɗaure da igiyar kwakwa, ta ɗora furanni. Tace kai yaron nan, kayan da ɗan'uwa ya aiko daga ƙetare ba a barinsa tsirara kamar maraya. Yaron nan fa ni ne, mai shekara hamsin da takwas da jikoki.

Matata Fipe ta leƙo rannan ta dafa zanen tace Kyaftin, abin nan zufa yake, ka tuɓe masa riga mana. Nace ke so kike a binneni? Kin taɓa ganin wanda ya kwance ƙullin goggonsa ya zauna lafiya a garin nan? Ni ko ƙofarta bana wucewa a miƙe. Kuma yaushe ƙarfe ya fara zufa? Tace to ka zauna, gwanin duniya.

Ga wanda yafi cina a rai, ban faɗawa kowa ba sai ke. Ranar farko da kwamfutar ta mutu a gaban ɗalibaina kunya ta kamani, sai nace ai da gangan ne, gwajin mutuwar inji ne a tsakiyar teku. Suka yarda! Yanzu sati biyu kenan da allo yayi baƙi sai su miƙe su fara aikin jefa anga, ƙarfen nan mai tsayar da jirgi. A jefa anga kam sun gama ƙwarewa. Amma ko mutum ɗaya bai taɓa shiga mashigin ba. Jiya wajen shan kava, abin shanmu na gargajiya, ɗalibina Manase yace Kyaftin, wannan jirgin naka kullum a wuri ɗaya yake mutuwa, ko bakaniken ɗan'uwanka ne? Aka kwashe da dariya, nima nayi, har na fi kowa. Amma da na koma gida, doyar da Fipe ta dafa ko taɓawa banyi ba.

Anti ya zanyi? In sayi wata ba hali, jirgin kaya sai wata mai zuwa.

Naki,
Kyaftin da bai taɓa goga fenti ba

*

Kyaftin, sannu da fama.

Fipe ta gano ciwon. Manhajar da ke zana teku da igiyar ruwa tana wahalar da kwamfuta fiye da buga wasiƙa nesa ba kusa ba, kuma wahalar zafi take haifarwa. Hucin da kake ji fankar ciki ce ke neman iska, zane ya toshe mata kafofi. Idan zafin ya yi yawa sai kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa ta fi daɗewa da safe. Mashigin ba shi da laifi, lokacin isarku can ne ya zo daidai da lokacin da ta gaji. Ka daina marin ta.

Tsoronka na Goggo ma ba shirme ba ne. Zanen bikinta ta ba da, wannan girmamawa ce babba, kuma in ta ji a bakin mutane cewa an yaye shi, raunin zai daɗe. Don haka kada ka kwance a ɓoye. Ka je gobe da safe da kifi mai kyau, ka zauna ƙasa, ka gaya mata yadda ka gaya mini: akwatin yana numfashi ta baya, kuma abincin gida bakwai ya rataya a kansa. Ka roƙe ta ta kwance da hannunta, ta zaɓi inda za a rataye zanen a bango, sama da kwamfutar, inda mai jarrabawa zai fara gani. Tsofaffi sun fi mu fahimta idan aka nemi izininsu.

Bayan nan ka ɗora akwatin a tebur nesa da bango, ka goge ƙurar kafofin, ka juya masa fanka. Idan ya yi awa guda bai suma ba, an gama. Idan ya sake, ka shiga saitin manhajar ka rage kyan hoto, ka kuma nemi malamin makarantar garinku ya duba fankar ciki, domin iskar gishiri tana cin ta. Ka tambaye shi aron tasu kwamfutar tun yanzu, ko da za a buƙata.

Saura mai wuyar. Ka gaya wa mutanenka gaskiya kafin darasi na gaba. Za su yi maka dariya, kai kuwa ka iya ɗaukar dariya. Kwana tara sun isa idan kowa ya san abin da bai iya ba. Kuma tunda teku na ƙofar gidanku, ka fitar da su a jirginka, kowa ya ratsa mashigin gaske kana tsaye a bayansa. Wannan kam ba wanda zai koya musu kamarka, kuma rayukan mutane za su ɗauka.

Allah ya sanyaya zuciyar Goggo, ya ba su bakwai ɗin nan sa'a. Ka gaida Fipe, ka kuma ce mata ta yi gaskiya.

Anti Kalolaine