Kangon Gangar Baba

Zuwa ga Yayana Tanko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Jos. Na san Malam Bulus ake kiranka yanzu, amma ka yi haƙuri, yau bakina ba zai iya ba. Da Tankon da muka tashi ɗaki ɗaya nake son magana.

Baba ya rasu ranar kasuwar Tudun Wada, kuma ya tafi ba a yi masa baftisma ba. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da murmushin nan naka na masu ilimi.

Ka san tun da aka ce Bature zai miƙa ikkilisiya ga 'yan ƙasa, majami'armu ta rabu biyu. Dattijo Nomau da mutanensa suna cewa mu yi sujada da muryarmu da kiɗanmu. Ku kuma kuna cewa duk abin da ya taɓa zama kusa da tulun giya ko wasan bori, a bar shi a waje. Kowa na rantsuwa gaskiya yake nema. Ni ban damu ba, har sai da gardamarku ta shigo gidanmu ta zauna a kan tabarmar Baba.

Da ciwo ya kwantar da shi, da bakinsa ya roƙi a yi masa baftisma. Dattawa suka kasa yanke magana, suka ce a tambaye ka, tunda kai za ka dawo ka riƙe mu. Amsarka ta zo: ya rabu da gangar noma tukuna.

Yaya, gangar nan ce ta ciyar da kai. Ka manta gayyar gonar su Ardo a Burumburum? Baba na tafe a bayan manoma yana kiɗa yana kiran sunanka, kai kuma kana huɗa kamar za ka tsaga ƙasa, 'yan mata na guɗa. Ranar ba ka ce kiɗan shaiɗan ba ne. Har rawa ka taka, da ƙafafun nan naka kamar na zalɓe.

Kuma ka manta wa ya fara ba mai bishara inuwa a ƙofar gida, lokacin da dangi suka ce a kore shi? Baba ne. Kullum cewa yake, baƙon da ya zo da magana, a bar shi ya gama.

To, ya ji saƙonka. Ya sa na ɗauko gangar daga rataye, ya karɓi wuƙa. Na ce ya kawo in yi masa, ya hana ni. Shi ya yanke fatar da kansa. Abin da ya ce kawai shi ne, a gaya wa Tanko na yi.

Na ruga wurin dattawa. Sai aka ce ai ka rubuta a jira a ga ko tuban na gaske ne, a bar shi zuwa bayan kaka in ka zo hutu. Bayan kaka! Mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiyewa! Nomau ya yi kuka, amma bai iya tsallake maganarka ba.

Ina jin haushinka, Yaya, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Kai ka koya mini karatu, na kuwa bincika Littafin nan iyakar iyawata, ban ga inda aka ce a gwada mai mutuwa kamar ana gwada sabuwar garma ba. In akwai, aiko mini da wurin. In babu, to wace gaskiya kuke nema a can da ba ta san fuskar ubanka ba?

Ranar jana'iza Malam Sule maƙwabcinmu ya zo da 'ya'yansa suka taya mu haƙa, Ardo ya aiko da nono. Ba wanda ya tambaye mu ko Baba na wane layi ne.

Duk da haka Inna ta ajiye maka rigarsa ta saƙi. Ta ce kafaɗarku ɗaya. Ni ma in na ji tari a zaure sai in ɗaga kai, ban san ko shi nake jira ko kai ba.

Kangon gangar yana nan. Na kai shi Kiru an ɗaura masa sabuwar fata. Ban iya kiɗa kamar Baba ba, amma ranar Lahadi zan rataya ta in tsaya a ƙofar majami'a. In kun ga dama ku kore ni.

Allah ya jiƙan Baba, ya karɓe shi ko da babu ruwan baftismar da kuka hana shi. Kai kuma Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sassauta zuciyarka kafin ka riƙe ta wasu. In ka iso bakin rafi ka ji kiɗa, kada ka tambaya. Ni ne.

Ƙaninka,
Jatau