Lambar Motar Baba

Salinas, 3 ga Agusta, 1994

Yaya Maureen,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ya maigidanki Gord da aikin alkama? Ni lafiya lau. Ƙunar hannun ta kusa warkewa, kwanan gareji kuma na saba da shi. Kada dai ki gaya wa Mama.

Kin tuna Orval Beck, abokin Baba da ya zo ta'aziyya ya yi ta zagaya bayan gida? Jiya ya kawo mana wata jar mota garejin da nake aiki, wai mu shirya masa ita don tseren tsofaffin motoci. Ina ɗaga murfin injin sai ga ɗan ƙarfen nan mai ɗauke da lambar asali ta motar tseren Baba an liƙa mata. Bai gane ni ba saboda gemu. Har da dafa min kafaɗa: "Samari, da ita na ci kofi a 1961. Goge ta da kyau."

Kofin da Baba ya ci, wai shi ya ci! Mutumin da aikinsa riƙe wa Baba galan ɗin mai!

A dokar masu shirya tseren, mota ba ta shiga tsere sai an tabbatar ta asali ce. Ta asalin kuwa tana bayan gidanmu, kaji na ƙwai a cikinta. Don Allah ki kankare tsatsar ƙarfen ƙarƙashin kujera, lambar tana nan a buge. Ki ɗauki hoto ki aiko kafin ashirin ga wata. Allah ya saka miki.

Ba zan ce uffan ba sai ranar duba motoci, in fito da hoton a gaban alƙalai da jikokinsa. Kafin nan zan goge masa ita ta yi ƙyalli, don kowa ya matso kusa ya gani.

Ƙaninki,
Lorne