Rufin Malama Saratu da Foldojin Ofishinmu

Zuwa ga Shugaban Kamfaninmu na Zanen Gine-gine, Kafanchan.

Yallaɓai Injiniya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Mama da yara. Ni ce Rifkatu, mai zane a teburin bakin taga. Na liƙa wasiƙar nan a allon sanarwa ne domin a nan ka liƙa umarnin da nake kuka da shi. Amma ka kwantar da hankalinka, da murna nake rubutu, har Danladi mai awon fili yana tsokanata wai ko saurayi na yi.

Na farko, godiya. Sabuwar manhajar zanen da ka saya mana ta yi. Tsohuwar, sai mutum ya buɗe fulan gini ya je ya sayo ƙosai ya dawo tana nan tana tunani.

Na biyu, kukana. Mutumin da ka ɗauko daga Kaduna ya saka mana sabuwar manhajar ya ce a kwashe ayyukanmu daga tsofaffin foldoji a zuba a sababbi, kowace shekara da foldarta, kowane aiki da lambarsa. Ba raina shi nake ba, ya iya aikinsa. Sai dai tsarin nasa na masu gini a birni ne, waɗanda ke fara gida su gama a shekara guda. Mu mutanenmu da citta suke gini. An sayar da citta, a zuba fandisho, wato harsashin gini. Wata shekara in gona ta yi kyau, a kai linta. In cuta ta shiga gona, gini ya jira. Shi ya sa kai da hannunka ka jera foldojinmu tun farko: ƙauye, a cikinsa gida, a cikin gidan duk abin da aka taɓa zana masa.

Na uku, abin da ya same ni. Malama Saratu ta Fadan Kagoma, tsohuwar malamar firamare, ita ta koya mini riƙe fensir. Gidanta yana cikin waɗanda aka fara kwashewa don gwaji, sai ya zama ayyuka uku: fandisho a wata shekara, bango a wata, rufi a bana. Ka san zanen rufi ba ya ɗauke da bango a cikinsa, kiran zanen bangon yake yi daga inda aka ajiye shi. Ta zo da kafintanta su ga inda na kai, na buɗe ina taƙama, sai ga rufi a sama shi kaɗai, babu bango, babu fandisho. Malama ta yi dariya ta ce ko a aji ɗaya ban taɓa zana mata gida haka ba. Ni kuwa kunya kamar in shige ƙarƙashin tebur. Kafintan ya faɗa mini a fili cewa in bai karɓi cikakken zane a mako mai zuwa ba, zai wuce aikin coci a Nok, ba zai dawo ba sai damina ta yi nisa.

Na huɗu, ga abin murnar. Na mayar da zane-zanenta inda suke da, na shiga saitin manhajar na gaya mata cewa babbar foldarmu ta ƙauyuka ita ce gindin komai. Na nuna mata inda za ta nemi bango da fandisho, inda muke ajiye kan takarda mai sunan kamfani, da inda za ta zuba abin bugawa. Ashe tana jin magana. Na sake buɗewa, gida ya tsaya cak da rufinsa a kai. Na gwada zanen shagunan Jere, suka buɗe. Na gwada gidan fasto na Nok, ya buɗe. Yallaɓai, na yi rawa a ofis, Danladi shaida ne. Saitin nan ɗaya ne tak, za a iya ɗora shi a kowace kwamfuta ba tare da an motsa folda ko ɗaya ba.

Amma umarninka yana nan a allo: ranar Litinin a kwashe komai. In aka yi haka, zanen Malama zai sake wargajewa tare da na kowa, ni kuma ban gama lissafin katako da kwanonta ba. Kafin in haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kafinta ya tafi.

Don haka ina roƙon ka cire umarnin. Ka zo teburina tare da mutumin Kaduna ku gani da idonku, ya gyara mini in akwai kuskure. In yana son lambobinsa, a saka su a kan takarda, ba su hana kowa komai ba.

Malama ta ce in gaya maka kana cikin waɗanda za su ci tuwon acca ranar addu'ar buɗe gida. Ta kuma gaya mini abin da ya sa na kasa yin shiru: duk shekarun da ta yi tana koyarwa a ɗakin haya da gidan makaranta, ba ta taɓa jin ruwan sama yana dukan kwanon da yake nata ba. Bana take so ta ji.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikima, ya albarkaci kamfanin nan da iyalinka.

Wassalam, 'yarka a aiki,
Rifkatu.